An Rubuta Halime Ta Warke

Duk wanda ya zauna a Garwa a shekarun da ake gina madatsar ruwan Lagdo ya san cewa takarda mai hatimi ta fi mutum gaskiya. In takarda ta ce ba ka nan, to ba ka nan, ko da kana tsaye a gaban mai ofis kana zufa. Ni Ƙaltume ban yi boko ba, amma akwai takarda ɗaya da na riƙe da muhimmanci, ina ajiye ta cikin gwangwanin madara a ƙasan akwatina. Likitan makarantu ne ya ba 'yata Halime. An karanta mini ita sau ɗaya na haddace. Ta ce yarinyar nan tana da ciwon fuka, kada a sa ta gudu, kada a sa ta tsalle, kada a tsayar da ita a rana.

Halime tana da shekara goma a lokacin, tana aji huɗu, kuma ita ke zuwa ta ɗaya. Ba yabon kai ba ne, malamarsu Madam Lucienne ce ke faɗa wa kowa. Ubanta Abakar direban babbar mota ne, hanyar Kuseri yake bi, sai ya yi mako biyu ba mu gan shi ba. Ni kuma ina sayar da ruwan folere, wato zoɓo, da soyayyar gyaɗa a ƙofar makarantar, don haka duk abin da ake yi a ciki a idona ake yi.

Abin da aka fi yi a ciki kuwa ba karatu ba ne. Da zarar watan huɗu ya kama, sai a rufe littattafai a fara shirin defile, wato macin da 'yan makaranta ke yi a gaban manya ranar ƙasa, ashirin ga Mayu. A fito da yara fili cikin zafin da ko akuya ba ta yarda ta tsaya a ciki, a yi ta hura musu usur, hagu dama, hagu dama, har wasu su zube. Takardar nan ce ke sa Halime ta zauna a gindin darbejiya da littafinta tana kallonsu. Ba don ita ba, da tuni na cire ta daga makarantar.

A bayan gidanmu akwai wani babban sito inda 'yan Sin masu aikin madatsa ke ajiye siminti da ƙarafa kafin a kwashe zuwa Lagdo. Mai kula da siton wani tsoho ne siriri, yaran unguwa suna ce masa Baba Wan. Kullum da sassafe, in na fito ɗiban ruwa, sai in gan shi tsaye a ƙofar siton, gwiwa a ɗan lanƙwashe, yana ɗaga hannuwa a hankali, yana juyawa a hankali, kamar mai shafe bangon da babu shi. Na ce wa maƙwabciyata Martine, bawan Allah, zafin Garwa ya taɓa masa kai. Samarin gari da suka cika cikinsu da fina-finan faɗa a sinima suka ji labari, suka zo a guje za su koyi karya bulo da hannu. Suka tsaya suka kalle shi na rabin awa bai ko kori ƙuda ba, suka yi tsaki suka watse.

Ƙananan yara ne suka rage, su ma don tsokana. Suna jeruwa a bayansa suna kwaikwayonsa suna ƙyalƙyala dariya. Tsohon bai taɓa korar kowa ba. Wata rana ya juyo ya gyara wa wata yarinya gwiwar hannu, ya ci gaba. Daga nan dariya ta fara raguwa. Kafin wata biyu yara kamar goma sha biyar ke zuwa kowace safiya kafin makaranta, Halime a sahun gaba. Ya ce musu sunan abin taici. Bayan wannan kalma ban san ko sun fahimci wata ba, don Faransancinsa bai wuce kalma goma ba, Hausa da Fillanci kuwa babu ko ɗaya. Sai ya ɗora hannu a cikinsa ya nuna musu inda numfashi zai sauka.

Na so in hana Halime, na ga ba gudu ba ne ba tsalle ba ne, na ƙyale. Kuma in faɗi gaskiya tun yanzu, don wani ya zo ya faɗi ƙarya daga baya: taici bai warkar da Halime ba. Ƙirjinta bai daina kuka ba. Abin da ya canja shi ne tsoro. Da can in ciwon ya taso sai ta ruɗe, ta damƙe zanena, idanu waje, tana fisgar iska, ruɗewar ta ƙara shaƙe ta. Yanzu kuwa in ta ji shi yana zuwa sai ta miƙe tsaye, ta saki kafaɗa, ta ɗaga hannuwan nan nata kamar tsinke, ta jira. Sau da yawa yakan lafa kafin a kai ga allura. Ta fara cin abinci, ta fara barci. Har tagwayen Martine, da ba sa wuni ba su fasa wa wani baki ba, uwarsu ta ce sun rage. Na daina cewa tsohon ya taɓu, na fara aika masa da gyaɗa.

Sai babur ɗin direkta, wato shugaban makaranta, ya mutu a bakin siton wata safiya.

Muse Raphaël ke nan. Mutum ne da ke ɗaura nakatai a watan huɗu, yana tafe yana goge wuya da hankici. Shekararsa goma sha biyu a kujera ɗaya, yana hangen ofishin sufeton makarantu yadda mai azumi ke hangen randa. Ya tsaya yana jiran a tura masa babur, ya ga yaransa a jere a bayan ɗan Sin. A lokacin ba abin da rediyo ke faɗa sai zumuncin Kamaru da Sin. Ni ina wurin da bokitina, na ga lokacin da fuskarsa ta washe. Ba yaran yake gani ba.

Mako bai zagayo ba ya gayyaci Baba Wan makaranta. Ya jera yara arba'in, ya zaɓo dogaye da 'ya'yan ma'aikata, ya tsaya a gefe da usur da bulala. Da tsohon ya ɗaga hannu sai direkta ya hura usur, yara su wurga hannu sama. Ya sake hurawa, su wurgo ƙasa. Wanda ya yi a hankali ya sha bulala, wai lalaci ne. Baba Wan ya tsaya ya kalli wannan ikon Allah, ya sunkuyar da kai ya gaishe da direkta, ya fita ta gabana. Bai sake taka makarantar ba.

Wannan bai dami Muse Raphaël ba, don ba tsohon yake buƙata ba. Ya shige ofis ya rubuta rahoto shafi shida a kan amfanin taici ga yara. Madam Lucienne, wadda 'yar duwatsun Mokolo ce, Hausarta ta kasuwa amma tana fita sarai, ita ta buga masa a keken rubutu, ita kuma ta zo ta ba ni labari tana riƙe da baki. Mutumin da bai taɓa lanƙwasa gwiwa ba sai in zai zauna, ya rubuta cewa taici yana gyara tarbiyya, yana buɗe kai a lissafi, yana ƙara son ƙasa. Muka yi dariya har na zubar da folere. Ba ta ga shafi na ƙarshe ba, don shi da kansa ya buga shi.

Ya aiko aka kira ni ofis, karo na farko da na zauna a kujerar wurin. Ya tambaye ni jikin Halime. Na ce da sauƙi, alhamdu lillahi. Me zan ce? Mu ko mutum yana kan gargara aka tambaye mu, abin da muke cewa ke nan, don ba a yi wa Allah butulci a kan mara lafiya. Kuma kada wani ya ce bai sani ba. Shekara goma sha biyu yana cikinmu, ya je gaisuwar marasa lafiya, ya je ta mutuwa, ya san al'adar kamar yunwar cikinsa. Ya ce madalla, to in dangwala yatsa a nan don a gode wa ɗan Sin. Na dangwala da murnata. Ya ce kuma in kawo takardar likita zai kwafi lambarta. Na koma gida da ƙafata na buɗe gwangwani na kawo masa. Har yau in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Rahoto ya tafi, ya yi wata guda, ya dawo da hatimi uku da yabo. A shafin ƙarshe an rubuta cewa ɗaliba Halime Abakar ta warke sarai daga ciwon fuka ta dalilin shirin da direkta ya ƙirƙiro, ga shaidar uwarta. Sufeto ya ƙara da hannunsa cewa a ranar defile yarinyar da ta warke ita za ta riƙe allon sunan makaranta a gaban layi, kowa ya gani.

Na je neman takardata, direkta ya ce ai ta daina aiki, mai lafiya ba ya yawo da takardar ciwo. Na ɗauki Halime muka tafi wurin likitan da ya rubuta ta. Ya ɗora abin sauraro a ƙirjinta, ya ji abin da ni nake ji daga ƙofar ɗaki ba tare da wani abin sauraro ba. Ya daɗe yana kallon tebur. Ya ce ya ji, amma ɗaya daga cikin hatiman nan daga Yawunde ya fito, shi kuma yana da iyali, ba ya son ya wayi gari an tura shi wani ƙauye bayan Poli. Ya ba mu ƙwayoyi ya ce Allah ya sawwaƙe. Wai likita ke nan, da farar riga da komai.

Na ce to ba za ta je ba. Madam Lucienne ta ja ni gefe ta rage murya. Ta ce yaron da aka sa a gaban layi ya ƙi zuwa ranar ƙasa, ba kora kaɗai za a yi masa ba, za a tambayi wa ya zuga iyayensa, kuma a zamanin nan ba a son a yi wa mutum irin wannan tambaya. Ta ce ita abin da za ta iya shi ne ta ɓoye Halime a aji lokacin gwaji, ta ce tana taya ta rubutu a allo. Amma ranar kanta, babu dabara.

Na zauna na faɗa wa Halime komai, don yarinya ce da ake magana da ita. Na ce ko makaranta ko ƙirjinta, ni kuma na zaɓi ƙirjinta. Ta murza gefen rigarta. Burinta tun tana ƙarama ta zama mai yin allura a asibiti, ta ce ita za ta riƙa yi a hankali.

"Inna, daga mararraba zuwa rumfar manya ne kawai," in ji ta. "Zan iya. Kada ki cire ni."

Na yarda. Na gwada yi wa Baba Wan bayani da hannu, na nuna rana, na nuna maci, na nuna ƙirji. Ban san iya abin da ya gane ba. Na dai ga a makonnin da suka rage ya daina koya mata sabon abu, sai tsayuwa da numfashi, su yi ta maimaitawa har ƙararrawar makaranta ta kaɗa.

Ranar ashirin ga Mayu aka tara yara tun ƙarfe bakwai. Manya ba su iso ba sai sha ɗaya, don babba ba ya riga wanda ya fi shi zuwa, shi ma wancan yana jiran wani. Hadari ya haɗu tun jiya ya ƙi zubowa, gari ya yi ɗif, iska ba ta motsi. Awa huɗu 'yata tana tsaye a kan kwalta da allon katako mai sanda biyu. Ina bayan igiya ina miƙa wuya, jandarma yana tura ni da gindin bindiga.

Da aka buga badujala layinsu ya motsa, na bi ta gefe ina kutsawa cikin mutane. Ba su yi rabin hanya ba na ga kafaɗunta sun fara hawa suna sauka. Na san wannan alamar fiye da yadda na san sunana. Na kira ta, ganguna suka haɗiye muryata. Ta ci gaba da tafiya, allo yana rawa a hannunta, har ta iso daidai gaban rumfar manya. Nan ta tsaya cak.

Ta jingine allon a ƙasa. Leɓɓanta sun yi fari fat. Layin bayanta ya cushe, yara suna karo da juna, masu badujala suna waige. Na hango Muse Raphaël ya taho da sauri daga baya, bulala a hannu, nakatai yana lilo. Ita kuwa ba ta ga kowa ba. Ta raba ƙafafu, ta lanƙwasa gwiwa, ta saki kafaɗa, ta fara ɗaga hannuwa a hankali. Tana neman iskar da za ta kai ta minti na gaba, a tsakiyar titi, gaban dubban mutane. Yaran unguwarmu da ke cikin layin suka ga ta fara, su ma suka fara, don haka suka saba kowace safiya.

Wuri ya yi tsit. Sai wani mai babbar riga a sahun gaba na rumfa ya tafa. Da ya tafa, na kusa da shi ya tafa, sai rumfa duka ta miƙe, don ba wanda ke son a gan shi zaune. Muse Raphaël yana taku uku daga 'yata, ya mayar da bulala bayansa, ya juya ya fuskanci rumfa ya rusuna. Ni ina ihu ina cewa a ɗauke ta, matan da ke kusa da ni suna riƙe ni suna yi mini barka, wata har da guɗa. Ban taɓa tsanar mutane kamar yadda na tsani garin nan a wannan lokacin ba.

Ta ɗaga allon, ta ja ƙafa ta wuce rumfa, ta kai kwana, ta faɗi. Madam Lucienne ce ta saɓe ta a kafaɗa har wurin likita. Kwana uku ta yi a kwance ana yi mata allura. Likitan nan dai ya rubuta a katinta cewa zazzaɓi ne.

Ranar da muka dawo gida sai ga direkta a ƙofa, shi da bai taɓa sanin hanyar gidanmu ba, da kwalin biskit a hammata. Na shimfiɗa masa tabarma na kawo ruwa, don baƙo ne. Ya ce sunan makaranta ya kai inda bai taɓa kaiwa ba. Ya ce nan da mako uku wani babban baƙo zai zo daga Yawunde, kuma an nemi a maimaita.

"Daidai yadda ta yi," in ji shi. "Ta taho da allo, ta tsaya a wuri ɗaya, ta ajiye. Har yanayin fuskar nan, Madam. Shi ya fi taɓa manya."

Na tambaye shi ko ya san abin da ya sa fuskarta ta yi haka. Ya kurɓi ruwa, ya goge wuya.

"Rahoto ya ce ta warke. Ke kika dangwala."

Halime tana ɗaki tana jin mu, ƙirjinta yana ƙara ana ji har tsakar gida. Shi ma yana ji, ya ɗan ɗaga murya don ya rufe.

Abakar ya dawo bayan kwana biyu, muka yanke shawara a kai ta Yagwa wurin yayata, ya sauke ta a hanyarsa. Na aiki Madam Lucienne ta nemo mana takardar canjin makaranta, don ba inda za a karɓi yaro a aji huɗu sai da ita, kuma sai direkta ya sa hannu. Ta dawo idonta jawur. Direkta ya ce ba zai saki ɗalibar da ta fi kowa ba, in muna so ta yi karatu, ga makarantarta nan a buɗe. Abakar ya je da kansa, ya cire hula ya roƙa. Aka bar shi a tsaye a baranda har aka tashi.

Ban faɗa wa Halime ba. Na ce a raina sai ta ƙara ƙarfi, sai gobe, sai jibi, har ranar tafiya ta zo. Da safe ta je ta yi sallama da Baba Wan, suka tsaya tare a ƙofar sito suka yi abinsu sau ɗaya. Ta dawo ta ɗaure littattafanta da igiya, ta goge allonta na sileti, ta sa su a saman kayanta don kada su lanƙwashe. Ubanta ya ɗaga ta ya ɗora a gaban mota. Ta leƙo ta taga.

"Inna, a Yagwa akwai makaranta ko?"

Na ce akwai, har guda biyu. Ta yi murmushi ta gyara zama, ta rungume littattafan a cinyarta, Abakar ya kalli gabansa ya tayar da mota.